Kwas Ɗaya, Shekara Guda: Yadda Dokokin Kiredit Suka Ɗaure Ɗalibi Suka Saki Jami'a

Duk wanda ya taɓa ratsa harabar jami'ar gwamnati a Najeriya ranar da aka liƙa sakamakon jarrabawa ya san yadda wurin yake kasancewa. Tun da hantsi ɗalibai ke cincirindo a gaban allon sanarwa na sashe, na baya suna ɗage, na gaba suna bin jerin lambobin rajista da ɗan yatsa. Inda aka koma amfani da fotal kuwa, cunkoson ya koma cikin waya, kowa ya sunkuyar da kai yana jiran shafi ya buɗe. Kafin a duba maki, ido yakan zarce ne gefen takarda, inda ake jera kwasa-kwasan da ke bin ɗalibi bashi. Wanda ya ga gurbinsa fayau sai ya yi hamdala ya ja da baya. Wanda ya ga lambar kwas a gaban sunansa ya san ya kwaso kariyoba. Idan kuma ɗan ajin ƙarshe ne, to ya shiga sahun 'yan sifil-oba ke nan: abokan karatunsa za su tafi bautar ƙasa, shi kuwa sai baɗi, saboda kwas ɗaya tak, wataƙila mai kiredit biyu.

Wannan damuwa ta zama ruwan dare a gidajen da ke da ɗa ko 'ya a jami'a. Idan aka zauna hira a kanta, magana takan tsaya ne a ɗayan wuri biyu: ko a ce yaran yanzu ba sa karatu, ko a ce malamai ba su da tausayi. Kowanne na da ƙamshin gaskiya a wasu lokuta. Sai dai akwai abu na uku da ya fi su tasiri, wanda ba a cika waiwayarsa ba, wato dokokin karatu da kowace jami'a ke bugawa a littafin jagorar ɗalibai. Waɗannan dokoki ne ke yanke hukuncin wanda zai ci gaba, wanda za a ja wa kunne, da wanda za a sallama. A ganina tsarin kiredit yarjejeniya ce mai ɓangare biyu. Jami'o'inmu sun riƙe ɓangaren da ke hukunta ɗalibi da hannu bibbiyu, sun yi sakaci da ɓangaren da ya ɗora musu nauyi. Muddin ba a daidaita ɓangarorin nan ba, sauya manhaja sau goma ba zai rage yawan shekarun matasa da ke salwanta ba.

Inda tsarin ya samo asali

Lokacin da aka buɗe kwalejin jami'a ta Ibadan a 1948 ƙarƙashin Jami'ar Landan, salon Ingila aka bi. Ɗalibi ya yi karatun shekara, ya zauna babbar jarrabawa a ƙarshenta, kuma jarrabawar ƙarshe ce ke da kaso mafi tsoka wajen tantance darajar digirinsa. Wanda ya faɗi zai sake zama, in abin ya yi muni ya maimaita shekarar baki ɗaya. Tsarin kiredit kuwa daga Amurka ya fito. Charles Eliot, wanda ya shugabanci Jami'ar Harvard daga 1869, shi ya faɗaɗa 'yancin ɗalibai na zaɓen darussan da suke so. Da zarar ɗalibai biyu sun iya bin hanyoyi daban-daban zuwa digiri iri ɗaya, dole a samu ma'aunin da zai nuna cewa aikin da suka yi ya yi daidai. A 1906 Gidauniyar Carnegie ta fito da ma'aunin da ya dogara da yawan sa'o'in zama a aji, kuma daga wannan tunani ne kiredit na jami'a ya bunƙasa.

Jami'ar Najeriya ta Nsukka, wadda aka kafa a 1960 da taimakon Jami'ar Jihar Michigan, ita ce ta fara kawo salon Amurka ƙasar nan. Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa, NUC, da aka kafa a 1962, ta samu ikon shimfiɗa mafi ƙarancin ƙa'idojin karatu ta hanyar dokar soja mai lamba 16 ta 1985. A 1989 ta fitar da kundin ƙa'idoji na farko, kuma daga wannan lokaci tsarin zango biyu da kwasa-kwasai masu kiredit ya game jami'o'in ƙasar, har da Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, Jami'ar Bayero ta Kano, Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato da Jami'ar Maiduguri. An sabunta kundin a 2007 da sunan BMAS, sannan a Disambar 2022 aka ƙaddamar da sabon kundi mai suna CCMAS, wanda ya ƙunshi manyan fannoni 17 da darussan digiri sama da 200.

Yana da kyau a tuna dalilin da ya sa aka yi maraba da tsarin, domin sauƙi aka nema da shi. An yanyanka karatu zuwa ƙananan kwasa-kwasai ne don kada faɗuwa a darasi ɗaya ta rusa wa ɗalibi shekara. An bazu da auna ƙoƙari a kan dukkan shekarun karatu don kada rashin lafiyar mako guda a ajin ƙarshe ta ɓata aikin shekara huɗu. An kuma ba kowane kwas nauyi sananne don ɗalibi ya iya zaɓe, ya iya rage gudu ko ƙarawa, ya kuma iya ɗaukar abin da ya tara zuwa wata jami'a idan hali ya sauya masa.

Abin da littafin doka ya tanada

A ƙa'idar NUC, kiredit ɗaya na nufin lakca ta awa ɗaya a kowane mako har tsawon makonni 15, ko kuwa awa uku na aikin gwaji a ɗakin bincike a kowane mako na wannan tsawon lokaci. Ɗalibi mai cikakken karatu zai yi rajistar kiredit 15 zuwa 24 a zango. Digirin shekara huɗu na buƙatar aƙalla kiredit 120, na shekara biyar irin na injiniya kuwa 150, sannan wanda ya shigo kai tsaye aji biyu da takardar NCE ko difloma ana rage masa gwargwadon shekarar da ya tsallake. Kwasa-kwasan sun kasu: akwai na dole a fannin ɗalibi, akwai na zaɓi, akwai na gama-gari da ake kira GST, waɗanda kowa ke yi ko mene ne fanninsa. Wasu kuma suna da sharaɗi, ba a ɗaukar na gaba sai an ci na baya. Yawanci tes da aikin gida na ɗaukar kashi 30 zuwa 40 na maki, jarrabawar ƙarshen zango ta ɗauki sauran, kuma jami'o'i da dama sun sharɗanta halartar kashi 75 na lakcoci kafin a bar ɗalibi ya shiga jarrabawa.

Daga nan sai lissafi. Maki 70 zuwa sama shi ne A mai ɗigo 5, sai B mai 4, C mai 3, D mai 2, E mai 1, wanda ya gaza 40 kuma ya samu F, ba shi da komai. Ana ninka ɗigon kowane kwas da yawan kiredit ɗinsa, a tara, a raba da jimillar kiredit ɗin da aka yi wa rajista. Abin da ya fito a zango shi ne GPA, wanda aka tara tun daga aji ɗaya kuma CGPA. Mai 4.50 zuwa sama ya samu digiri mai daraja ta ɗaya, daga 3.50 daraja ta biyu babba, daga 2.40 daraja ta biyu ƙarama, daga 1.50 daraja ta uku. Wanda CGPA ɗinsa ya faɗi ƙasa da iyakar da jami'a ta gindaya, 1.00 a wasu wurare, 1.50 a wasu, za a sa shi a matakin jan kunne na shekara guda, in bai farfaɗo ba a sallame shi ko a tura shi wani sashe. Akwai kuma wa'adi: ba a yarda ɗalibi ya wuce rabin tsawon karatunsa a matsayin ƙari ba, wato mai digirin shekara huɗu yana da shekara shida, daga nan sai kora.

Babu ɗaya daga cikin waɗannan ƙa'idoji da ya zama zalunci a kan kansa. Amma duk mai karanta littafin jagorar da idon basira zai lura da wani abu: kusan kowace jimla da ke ɗauke da "dole ne" ɗalibi take nufi, kuma kowace tana da hukunci a gefenta. Da wuya a ga sakin layin da ya faɗi ranar da dole sakamako ya fito, ko abin da zai biyo baya idan malami ya yi lakca biyar a zango, ko haƙƙin ɗalibin da takardar amsarsa ta ɓace a hannun sashe.

Alkawarin da ke cikin kowane kiredit

Kwas mai kiredit uku alkawari ne na awa 45 na koyarwa. Wannan ba fassarar marubuci ba ce, ma'anar da hukuma ta rubuta ce da kanta. Kiredit mudu ne, kuma a kasuwa ba a yarda mai awo ya karɓi kuɗin cikakken mudu ya zuba rabi. Yajin aikin ƙungiyar malaman jami'o'i, ASUU, na 2020 ya ɗauki kimanin wata tara, na 2022 kuma wata takwas. Bayan kowanne, jami'o'i sun shiga tseren cike giɓi, aka matse zanguna, aka rage hutu, wasu ma suka haɗe shekarun karatu ko suka soke guda. A irin wannan yanayi makonni 15 sukan tsuke, rajista ta cinye na farko, jarrabawa ta faɗo kafin a kai ƙarshen manhaja. Duk da haka kwas ɗin na nan da kiredit uku a takarda, kuma F ɗin da aka samu a cikinsa na da nauyinsa cikakke.

Ko a shekarar da ba a yi yajin aiki ba, cunkoso kaɗai ya isa ya rage mudun. Kusan mutum miliyan biyu ke zana jarrabawar JAMB kowace shekara, kuma ko da yake jami'o'in ƙasar sun haura 250, yawancin ɗalibai a na gwamnati suke cushe, domin kuɗin masu zaman kansu ya fi ƙarfin talaka. A kwasa-kwasan GST da na aji ɗaya a fannin kimiyya, ɗaruruwan ɗalibai ne ke taruwa a ɗaki guda, wasu a tsaye, wasu ta taga suke saurare. Awa ukun aikin gwaji kan koma kallon malami yana nuna abu ɗaya ga rukuni mai yawa, idan an samu wuta da sinadarai. Ƙananan azuzuwan bita, waɗanda a ƙasashen da suka ƙirƙiro tsarin su ne ke tallafar mai rauni, sun zama tarihi a sassa da yawa. Malamin da aka naɗa mai kula da aji, wanda ɗalibai ke kira lebul kodineta, shi ya kamata ya zauna da kowane ɗalibi ya duba nauyin da zai iya ɗauka. Idan yana da ɗalibai ɗari uku ga nasa lakcocin ga bincike, aikinsa zai tsaya ne a sa hannu kan fom.

Yadda kwas ɗaya ke cinye shekara

Illar farko a lissafi take. A yawancin jami'o'i F ba ya gogewa ko da an sake kwas ɗin an ci. Ɗalibin da ya faɗi kwas mai kiredit uku, ya dawo ya samu B, ya tara ɗigo 12 a kan kiredit shida, wato matsakaicin 2.0, daidai da wanda ya samu D. Saboda haka tuntuɓen aji ɗaya, lokacin da yaro ya fito daga makarantar sakandaren da ba ta da malamin lissafi ko na Turanci, yakan bi shi har ranar yaye ɗalibai. Illa ta biyu a tsarin rajista take. Doka ta ce a fara cike kariyoba kafin sababbin kwasa-kwasai, kuma ba a wuce kiredit 24. Mai bashin kwas uku ko huɗu dole ya ajiye wasu na ajinsa, su kuma su zama bashin baɗi. Idan kwas ɗin da ya faɗi sharaɗi ne ga na gaba, sarƙar ta ƙara tsawo. Ga kuma karon jadawali: lakcar kariyoba da ta ajinsa a awa ɗaya, wani lokaci har jarrabawar.

Illa ta uku ita ce mafi ciwo, kuma ita ce ta fi nuna cewa an ɗauki rabin tsarin ne kawai. A jami'o'in gwamnati da dama, kwas ɗin zango na ɗaya a zango na ɗaya kaɗai ake koyar da shi, kuma babu damar sake zaman jarrabawa cikin 'yan makonni. Ɗan ajin ƙarshe da ya faɗi kwas guda zai jira zagayowar shekara, ya sake biyan kuɗin rajista, ya kama ɗaki, ya ci abinci, don jarrabawar awa biyu. Tsarin da aka kawo don hana maimaita shekara ya dawo yana sa a maimaita ta, ta wata ƙofar. Jinkirin sakamako na ƙara dagula lamarin. Inda sakamakon bara bai fito ba sai bayan an rufe rajistar bana, ɗalibi bai san yana da bashi ba balle ya cike shi, kuma kuskuren da ba nasa ba ya zama ƙarin shekara a kansa. Haka wanda makinsa ya ɓace tsakanin malami, jami'in jarrabawa da fotal yake yawo daga ofis zuwa ofis, alhali wa'adin shekara shida bai tsaya jiransa ba.

Wannan asara ba kowa take yi wa daidai ba. Ɗan mai hali zai jure ƙarin shekara. Wanda mahaifinsa ya sayar da amfanin gona ya biya masa rajista, ko wanda ke haɗa karatu da tuƙin adaidaita sahu, yana iya ajiye karatun gaba ɗaya. A Arewa da yawa na shiga jami'a da ɗan shekaru, bayan NCE ko difloma, kuma wanda ya haura shekara 30 kafin ya kammala ba ya tafiya bautar ƙasa, takardar yafiya ake ba shi. Ma'aikatu da kamfanoni kuma sukan gindaya iyakar shekaru wajen ɗaukar sababbin ma'aikata. Ga mata lamarin ya fi tsanani. Ɗalibar da ta yi aure a tsakiyar karatu, ga ciki ga goyo, ita ce ainihin wadda tsarin kiredit ya kamata ya yi wa rana, ta ɗauki kiredit tara a wannan zango ta cike sauran daga baya. Amma dokar mafi ƙarancin kiredit 15 da wa'adin kammalawa sun bar mata zaɓi biyu kawai: ta ɗauki nauyin da ya fi ƙarfinta ta faɗi, ko ta jingine karatun ɗungurungum.

Kiredit ɗin da ba ya fita ƙofa

A wasu ƙasashe kiredit mallakin ɗalibi ne. Turai ta fara tsarin kiredit mai suna ECTS a 1989, sannan yarjejeniyar Bologna da ƙasashe 29 suka sa wa hannu a 1999 ta ƙarfafa shi. A can shekarar karatu kiredit 60 ce, kowane kiredit na wakiltar awa 25 zuwa 30 na dukkan aikin ɗalibi, har da karatunsa na ɗaki, kuma ɗalibi na iya yin zango a wata ƙasa a lissafa masa a gida. A Birtaniya digiri kiredit 360 ne a nasu ma'aunin, amma wanda ya tsaya a 120 ana iya ba shi satifiket, wanda ya kai 240 a ba shi difloma. A Najeriya kuwa ɗalibin da aka sallama bayan ya ci kiredit ɗari yakan fita hannu rabbana, kamar bai taɓa shiga aji ba. Sauya jami'a na nan a rubuce, amma sharuɗɗansa masu tsauri ne, samun tiranskirif kan ɗauki watanni, kuma sau da yawa sai an mayar da mutum baya da aji. An ga wahalar wannan a fili lokacin da yaƙin Sudan ya ɓarke a Afrilun 2023, aka kwaso ɗaliban Najeriya, da yawansu 'yan Arewa, suka dawo suna neman inda za su ɗora daga inda suka tsaya.

Ba sai an je Turai ba. Jamhuriyar Nijar na bin tsarin LMD (digirin farko, na biyu da na uku), wanda ƙungiyar tattalin arziki da kuɗi ta Afirka ta Yamma, UEMOA, ta amince da shi ga ƙasashenta a 2007. A Jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai da jami'o'in Maraɗi, Damagaram da Tawa, digirin farko kiredit 180 ne a shekara uku, 30 a kowane zango. Rukunin darussan da ɗalibi ya ci ya zama nasa, maki mai kyau a wani darasi na iya cike giɓin wani a cikin rukuni, kuma akwai zama na biyu ga wanda ya faɗi. Su ma suna fama da yajin aiki, cunkoso da shekarun karatu masu hawa kan juna, don haka ba aljanna ba ce. Abin lura dai shi ne maƙwabciyar da ba ta kai Najeriya arziki ba ta rubuta dama ta biyu a cikin dokarta. Sannan bambancin ma'auni, 180 a shekara uku can, 120 a shekara huɗu nan, na wahalar da matasan da ke tsallaka iyaka tsakanin Katsina da Maraɗi ko Kano da Damagaram don karatu, duk da yarjejeniyar Addis Ababa ta 2014 kan amincewa da takardun karatu a Afirka.

Hujjojin masu kare tsarin

Hujja ta farko ita ce tsanani ne ke kare martabar digiri. Masu wannan ra'ayi na cewa ɗalibai da yawa ba sa zuwa lakca, sai daren jarrabawa su haddace handawut, ga satar amsa, don haka sassauci zai ƙara lalata su. Gaskiya ne in ɓera da sata, daddawa ma da wari, kuma ba wanda ke neman a rage makin cin jarrabawa ko a ɗaga wa mai satar amsa ƙafa. Amma dama ta biyu ba ragin ma'auni ba ce, tambayoyin na nan da zafinsu, lokacin jira kawai aka taƙaita. Shaida na nan a cikin jami'o'in kansu: a tsangayar koyon aikin likita, inda rayukan mutane ke kan gaba, wanda ya faɗi darasi a jarrabawar ƙwarewa yakan sake zama bayan 'yan watanni. Makarantar horar da lauyoyi ma na da jarrabawar sake zama. In har hakan bai zubar da darajar likita da lauya ba, da wuya a ce zai zubar da ta mai karanta tarihi ko ilmin tattalin arziki.

Hujja ta biyu ta fi ƙarfi. Malamai sun yi kaɗan, albashinsu ya gaza, ƙwararru na ficewa ƙasashen waje, wanda ya rage kuma yana duba takardu ɗari biyar shi kaɗai. Ƙara masa jarrabawa ta biyu ko zangon dogon hutu zalunci ne idan ba a biya shi ba. Wannan gaskiya ce, kuma duk gyaran da ya yi biris da ita zai mutu a takarda. Sai dai a lura, kuɗin da ake gudun kashewa ana kashe shi a yanzu, iyaye ne kawai ke biya, kuma 'yan sifil-oba da ke dawowa suna ƙara cika azuzuwan da malamin ke kuka da su. Wasu jami'o'i, musamman masu zaman kansu, sun riga sun gwada gajeren zango a lokacin dogon hutu. Ana iya yin haka da kuɗi kaɗan da ba su kai na ƙarin shekara ba, a biya malamai ladansu, a yafe wa marasa hali. Tsoron cewa wani zai kayar da ɗalibai da gangan don a biya yana da tushe. Maganinsa shi ne kuɗin ya shiga asusun jami'a, ladan malami kada ya dogara da yawan waɗanda suka faɗi, kuma wani malami daban ya sake duba takardun.

Hujja ta uku ta shafi 'yancin jami'a. Majalisar malaman kowace jami'a ce ke ba da digiri da sunanta, don haka ba za a tilasta mata karɓar kiredit daga inda ba ta yarda da ingancinsa ba. Wannan ma abin girmamawa ne. Amma NUC na tantance darussan jami'o'i lokaci zuwa lokaci, kuma idan tantancewar na da ma'ana, kwas ɗin aji ɗaya da aka ci a sashen da aka amince da shi bai kamata ya zama banza a wata jami'a ba. Jami'a na iya kare sunanta ta hanyar sharɗanta cewa aƙalla rabin kiredit ɗin digiri, har da kundin binciken ajin ƙarshe, a cikinta za a yi su.

Rigimar CCMAS da abin da ta bari a baya

Sabon kundin ya ba NUC kashi 70 na abin da za a koyar, ya bar wa kowace jami'a kashi 30. A 2023 ASUU ta yi fatali da shi, tana mai cewa ya ƙwace aikin majalisun jami'o'i ya mayar da su 'yan kallo. Hukumar kuma ta amsa cewa malaman jami'o'in ne da kansu suka tsara shi, kuma kashi 30 ɗin fili ne da kowace jami'a za ta nuna bambancinta. Muhawara ce mai muhimmanci, kuma ba a manta ba cewa ASUU ta daɗe tana fafutukar a zuba kuɗi a ɗakunan karatu da na bincike. Amma wannan taƙaddama a kan wanda zai rubuta manhaja take. Ɗalibin da ke jiran sakamakon bara bai samu amsarsa a bakin kowane ɓangare ba. Hasali ma, idan kashi 70 na darussa iri ɗaya ne a faɗin ƙasa, babbar hujjar ƙin karɓar kiredit daga wata jami'a ta raunana, kuma wannan ita ce ribar da ya kamata a fara tatsa daga CCMAS.

Abin da ya kamata a rubuta a doka

Gyaran da ake buƙata shi ne a shigar da wajiban jami'a cikin littafin da aka rubuta wajiban ɗalibi, da irin wannan lafazi na dole. A sa wa'adin fitar da sakamako, kuma kada a rufe rajista sai ya fito. A riƙa rubuta yawan lakcocin da aka yi a kowane kwas, kuma wanda bai kai wani kaso na awanninsa ba kada a yi jarrabawarsa sai an cike. Idan maki ya ɓace a hannun sashe, a warware cikin makonni ƙididdigaggu ba tare da an caji ɗalibi ko an lissafa masa lokacin ba. Ɗan ajin ƙarshe mai bashin kwas ɗaya ko biyu a ba shi damar sake zama kafin a tura sunayen masu bautar ƙasa. Watannin yajin aiki, jinya da haihuwa a cire su daga wa'adin kammalawa, a kuma yarda mai uzuri tabbatacce ya ɗauki ƙasa da kiredit 15. Wanda ya bar karatu bayan ya ci shekara biyu ko uku a ba shi shaidar abin da ya ci. Ɗalibi kuma ya samu hanyar neman a sake duba takardarsa ba tare da fargabar ramuwa ba.

Wasu daga cikin waɗannan na buƙatar kuɗi, kuma nauyin gwamnatin tarayya da na jihohi ne su ɗauki malamai su gina azuzuwa. Amma fiye da rabinsu ba sa jiran kasafin Abuja. Ƙuduri ne da majalisar malaman kowace jami'a ke da ikon zartarwa a zama ɗaya, kuma 'yancin da take karewa daga NUC shi ne ya ɗora mata alhakin yin haka. Ƙungiyoyin ɗalibai, iyaye da tsofaffin ɗalibai su karanta littafin jagorar jami'arsu, su nemi a nuna musu shafin da ya ɗaure jami'ar. Inda babu shi, wannan shi ne abin da ya kamata su sa a gaba har sai an rubuta shi.